Rumbun da na gina wa ɗalibaina a intanet

A shekarar 2019 na buɗe shafi a Blogger, wani dandalin wallafa rubutu a intanet, domin darasin adabin baka da nake koyar da 'yan aji biyu a jami'a. Ba wani hangen nesa ne ya sa ni ba, gajiya ce kawai. Nakan ba wakilin aji takardun lacca ya kai shagon fotokwafi, daga nan a yi ta kwafin kwafi har lanƙwasar ɗ da ƙ ta ɓace, layin ƙarshe na kowace takarda ya gutsure. Lokacin duba jarrabawa sai in ga mutum talatin sun yi kuskure iri ɗaya, in bi sawu in tarar inji ne ya cinye kalmar. Na ce bari in zuba komai wuri guda, mai so ya ɗiba daga tushe.

Na zaɓi Blogger ne saboda kyauta ne, kuma adireshin Gmail ɗina ya wadatar, tunda Google ke da shi tun 2003. WordPress ya fi shi kyan gani, amma ban da haƙurin koyon sabon abu a lokacin. Makarantarmu tana da nata dandalin da aka gina a kan Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, sai dai duk ɗalibin da ya manta kalmar sirrinsa sai ya je wani ofis ya bi layi, yawancinsu kuwa sun manta tun makon rajista.

Mako biyu da buɗewa na leƙa ƙididdigar masu ziyara. Ba su taka kara sun karya ba, kuma ina kyautata zaton rabinsu ni ne. Na shiga aji da faɗa. Wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah a riƙa tura mana a guruf mana." Na ji haushi, amma bayan lacca na karɓi wayarsa na buɗe shafin da kaina. Gilashin wayar a tsage, cajinta saura kaɗan, babban hoton da na liƙa a saman shafi yana sauka layi-layi kamar ana saƙar tabarma. Takardun da na ɗauka da na'urar sikana na ɗora kuwa, guda ɗaya ta isa ta lashe datar da yaron ya saya don ta kai shi kwana biyu. Ni a kan kwamfuta na tsara komai, a ofis, da intanet ɗin da ba daga aljihuna ake biya ba. Ashe gida na gina daidai tsawona, na manta da masu shiga.

Na cire hotunan, na sake buga laccocin da hannuna a matsayin rubutu zalla, na yanka su gajeru-gajeru yadda mutum zai karance guda a cikin a-daidaita-sahu. Duk wanda na ɗora sai in tura adireshinsa zauren WhatsApp. A lokacin zaure ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, don haka biyu muka buɗe. A nan na gane kowanne da aikinsa. WhatsApp kasuwa ce: kowa na ciki, amma saƙon da ka tura da safe kafin azahar ya nutse ƙarƙashin barka da Juma'a, da tallar turaren wuta, da musun ƙwallo, wanda aka sace wa waya kuma ya rasa komai. Shafin bulog rumbu ne, ba mai zama a cikinsa, amma abin da ka zuba bara yana nan. Shela a kasuwa, ajiya a rumbu. Wani abokin aikina ya taɓa ce mini cikin raha ina kashe wa masu sayar da takardun lacca kasuwa. Na yi dariya, shi ma ya yi, amma dukanmu mun san ba raha ce zalla ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a 2020. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Ni ɗan ƙungiya ne, don haka babu lacca, babu maki. Amma yara suna gida zaman kashe wando ya ishe su, suna ta turo gaisuwa. Sai na rubuta a zaure cewa duk mai sha'awa ya zauna da wata tsohuwa ko wani dattijo a gidansu, ya ɗauko tatsuniya, ko kacici-kacici, ko waƙar daka, ko kirarin masu sana'a, ya rubuta ya turo, zan ɗora a shafi da sunansa. Na faɗa musu ƙarara ba abin da zan ba kowa.

Kaɗan ne suka amsa, amma abin da suka turo ya ba ni kunya, domin ya nuna mini ban san ɗalibaina ba. Akwai wata yarinya da a takardar jarrabawa ba ta wuce maimaita kalamaina, ko waƙafi ba ta sauyawa. Ita ce ta turo waƙar daɓe daga bakin kakarta a wani ƙauye na ƙasar Gumel, ta bayyana yadda mata ke jeruwa da madaɓai, wa ke bayarwa, su wa ke amshi, da inda bugun ke faɗawa a kan kowane baiti. Bayan kwana biyu wani ɗalibi Basakkwace ya rubuta a ƙasa cewa su ma suna da ita, amma "shina" suke cewa inda ta ce "yana", kuma amshinsu daban ne. Can sai ga wani mutum daga Maraɗi, wanda ba ɗalibina ba ne, ban ma san yadda ya iso shafin ba, ya kawo baiti biyu da babu a nata. Bambancin karin harshe da nake shafe lacca biyu ina zanawa a allo, ga shi sun baje shi da kansu, kuma da zafinsa, don kowa na kare na garinsu.

Na daɗe ina tunanin dalili. Ɗalibin da ke rubuta aikin gida ya san mutum ɗaya ne zai karanta, gajiyayyen malami mai tarin takardu ɗari uku a gabansa, wanda abin da yake nema shi ne ya ga kalmominsa sun dawo masa. Wanda zai fito a shafi kuwa ya san kawunsa zai gani, abokan unguwa za su gani, wanda ya fi shi sanin waƙar ma zai gani. Yarinyar nan sau uku tana turo gyara kafin in ɗora.

Da aka koma karatu a 2021 sai na yi wauta. Na ce tunda abin ya yi kyau, bari in sa masa maki goma. Nan take kowa ya turo, kuma nan take ya lalace. Tatsuniya ɗaya ta zo mini daga mutum bakwai, da na kwafi jimlar farko na liƙa a Google sai ga ta a wani shafin Facebook, har da kurakuran rubutunta. Maki ya mayar da ni mai karatu tilo kamar da. Daga ƙarshen 2022 kuma, da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, ya fito, sai aka koma turo wata Hausa mai santsi wadda ba kakar da ta taɓa yin irinta. Ban janye makin ba, amma na sauya abin da nake ba maki. Yanzu sai ka faɗi garin, da kimanin shekarun wanda ya ba ka, ka haɗo da muryarsa, sannan ka tsaya gabana minti biyar in tambaye ka ma'anar kalma biyu ko uku daga ciki. Wanda ya zauna da tsohuwa yakan wuce minti biyar ɗin yana zuba.

Muryar ma ta jawo mini rigima. Wani ya ɗauko gwaggonsa tana waƙa a wajen biki, cike da habaici ga dangin kishiyarta. Mu a aji adabi muka gani, su a gida zagi suka ji. Na sauke ta a ranar da aka kira ni, amma ta riga ta zaga wayoyi. Laifina ne, don ban taɓa gaya wa yaran su nemi izini ba. Kuma "zan sa a intanet" ba neman izini ba ne a wurin matar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. Sai ka ce mata, "Gwaggo, kowa zai ji, har mutanen gidan su wance," sannan ka saurari amsarta. Haka wata ɗaliba matar aure ta roƙe ni in cire cikakken sunanta saboda baƙin maza sun fara nemanta a Facebook. Tun daga ranar, kowa shi ke zaɓar sunan da zai fito da shi.

Lacca ta manhajar Zoom sau biyu na gwada. Na kyauta minti 40 yake bayarwa, sha biyar na farko kuma "Malam ba ma jin ka" ne da kukan janareta. Na koma saƙon murya na minti shida. Haruffa masu lanƙwasa kuwa sai da na sadaukar da lacca guda ina bi benci-benci ina nuna yadda ake sa Hausa a Gboard, wato madannin rubutu na waya, bayan wani ya rubuta "baki" sau tara yana nufin baƙi.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin maƙwabtanta saboda matsalar 'yan bindiga. Muna ɗan hutu, ni kuma na sa wa'adin turo aiki ƙarfe goma sha biyun dare, ina ganin na waye. Wani yaro sai da ya biya kuɗin mota ya bi wannan hanya mai haɗari zuwa Zariya don kawai ya danna "tura". Da na ji, jikina ya yi sanyi. Yanzu duk aikin da na bayar ana iya kawo shi a takarda in an dawo, ba ragin maki.

Ba a lissafa wannan wahala a takardar ƙarin girma, maƙalun mujallu ake ƙirgawa, kuma amsa tambayoyin ɗalibai yakan ci mini abin da ke tsakanin isha'i da barci. Rumbun ma a filin aro yake. Na ga yadda aka rufe Google+ a 2019 da Yahoo Groups a ƙarshen 2020, mutane suka rasa rubutun shekaru. Shi ya sa kowane ƙarshen zango nake sauke komai in adana a wata ma'ajiya da ke cikin durowata.

Kwanakin baya yarinyar nan ta ƙasar Gumel ta yi mini waya. Ta gama, tana koyarwa a wata sakandare. Kakarta ta rasu, 'yan uwa suna son jin muryarta, amma adireshin muryar da ta ɗauka tare da waƙar, wanda ke shafin, ya daina buɗewa, don a ma'ajiyarta ta Google ta ɗora, ta kuma goge lokacin da wuri ya cika mata. Na ce ta ba ni zuwa dare. Na same ta a babban fayil ɗin 2020, minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Kafin in tura sai da na saurara. Ana jin zakara yana cara daga nesa, a ƙarshe kuma tsohuwar ta yi dariya ta ce, "Ke, kashe abin nan haka nan, tuwona zai ƙone."