Matar da Auta ke cin abinci da ita

Da fara'a na tashi yau. Na'urar suya da iskar nan da Goggonsu ta aiko tun watan jiya, sai yau na ciro ta daga kwali, bayan ta gaji da tambayata a waya. Ashe babu wani sirri a cikinta. Ƙarfe ne ke ɗaukar zafi a sama, fanka kuma tana hura zafin kan abinci, gashi ne dai aka raɗa masa suna suya. Na gwada dankali da mai cokali ɗaya, ya fito rangaɗau. Abbansu ya ci ya nemi ƙari, na ji daɗi sosai.

Wurin aiki lafiya lau. Ciwon kan nan bai dawo ba, alhamdulillahi.

Da dare ne abin ya faru, kuma shi ya hana ni barci har na zauna rubutun nan.

Na leƙa ɗakin Auta in karɓi faranti, sai na tarar ko rabi ba ta ci ba. Ta jingina waya da kofin ruwa, tana kallon wata mata zaune gaban tebur shaƙe da kwanoni, tana cin taliya mai jan yaji. Ba waƙa, ba labari, ci kawai take yi. Ƙarar taunarta da zuƙarta ta cika ɗakin. Abin da na lura da shi, duk lokacin da matar ta kai loma, sai Auta ma ta kai tata.

Na ce, "Auta, wace ce wannan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Umma, wadda nake cin abinci da ita ce."

Na ce ta san ta ne? Ta ce a'a, 'yar Koriya ce. Na ce tana jin yarenta? Ta ce ba sai ta ji ba, ita dai in ta zuba abinci sai ta kunna ta, sun fi wata uku a haka. Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "To mu da muke gidan nan fa, ba mutane ba ne?"

Sai a lokacin ta tsayar da bidiyon ta dube ni. Babu tsiwa a muryarta, da ma da tsiwa ta faɗa da na samu abin yin faɗa a kai. Ta ce, "Umma, ke a tsaye kike ci a kicin. Abba gaban labarai yake ci, in na yi magana sai ya ce in bari a gama. Yaya kuma ɗakinsa yake kaiwa. Ita wannan tana zama."

Ita wannan tana zama.

Na ɗauki kofin da babu komai a ciki na fito, don ban san me zan ce ba. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma yau yarinya ce ta hango abin da nake tsaye a kansa kullum ban gani ba. Na yi ta ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da mu huɗu muka zauna wuri ɗaya da abinci a gabanmu ba tare da baƙo ba. Na kasa. Ina girki kullum, ina sauya kala don kada su gaji, ina bin masu koyar da girki ina kwafar sababbin dabaru, amma da zarar na sauke sai kowa ya zo ya ɗiba ya watse. Ni kuma in ci nawa ina wanke tukunya, ina ganin na rage aiki.

Bayan isha'i na kasa haƙuri, na shiga intanet neman asalin abin. Sunansa mukbang, haɗin kalmomin Koriya biyu ne, ci da watsa shiri. A Koriya ta Kudu ya samo asali, a wani dandalin watsa bidiyo kai tsaye da ake kira AfreecaTV a lokacin, kafin ya bazu a YouTube ya game duniya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yanayin da ya haife shi. A ƙasar, fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidaje mutum ɗaya tak ke zaune a ciki. Har kalma suke da ita ta cin abinci kai kaɗai, honbap. Mutum ya dawo aiki cikin dare, ya buɗe ƙofa babu mai ce masa sannu, sai ya kunna wani ya ci a gabansa don kada shirun ya yi masa yawa. Wannan na fahimta, har tausayi ya ba ni. Amma Auta ba ita kaɗai take zaune ba, mu uku muna nan, bango ne kawai tsakaninmu.

A Japan ma na ga akwai gidajen cin taliya na Ichiran, inda kowa ke da ɗan akurkinsa da katanga hagu da dama. A takarda kake zaɓen yadda kake son abincin, a ɗaga labule a turo maka kwano, ko fuskar mai kawowa ba za ka gani ba. Masu yawon buɗe ido har layi suke bi. Can ɗin ne kuma Momofuku Ando ya fito da taliyar nan mai saurin dahuwa a 1958, ya sa ta a kofi a 1971, abincin da ba ya buƙatar tukunya balle tebur. Ban ga laifinsa ba, ta ceci ɗalibai da matafiya da waɗanda bala'i ya raba da gidajensu. Sai dai duk sabon abin da na duba, hanya ɗaya yake nunawa: a yi sauri, a yi na mutum ɗaya. Har na'urar da na yi murna da ita da safe, kwandonta cin mutum biyu ne da ƙyar.

Ita China abin da ya dame ta daban ne, almubazzaranci. A 2021 ta kafa dokar hana ɓarnar abinci, ciki har da tara ga masu shirya bidiyon cin da ya wuce kima. Da gaskiyarsu, don ni ma tulin kwanonin nan sun tsaya min a rai. Amma Auta ba yawan abincin take kallo ba. Na tambaye ta daga baya, ta ce ita ta fi son wannan ne saboda tana ci a hankali, tana murmushi.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki: ƙasar da ta fito da mukbang ita ce mai kimjang, inda dangi da maƙwabta ke taruwa gab da hunturu su haɗa kimchi mai yawa, wato kabeji mai yaji da ake tsumawa, su raba wa juna. UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ya kamata a adana a 2013, kuma taruwar ce aka karrama, ba kabejin da yajin ba. Haka na Faransa a 2010, zaman cin abinci na biki aka rubuta, yadda ake shirya tebur a zauna a daɗe ana hira. Na jima ina kallon wannan. Ashe zama a ci tare ya kai matsayin abin da ake rubutawa a ajiye don gudun ɓacewa.

Na faɗa wa Abbansu abin da ta ce. Ya yi shiru ya rage ƙarar talabijin. Can ya ce, "Haka ta ce?" Na ce haka ta ce. Bai ƙara komai ba, amma na san shirunsa.

Wajen ƙarfe goma na zuba ɗan abin da ya rage a faranti, duk da ba yunwa nake ji ba, na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na ce ta matsa min. Ta yi ta kallona kamar ba ta gane ba, sannan ta janye littattafanta. Ban ce ta kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba. Matar ta faɗi wata magana kafin ta fara ci, Auta ta maimaita a hankali. Na ce me take nufi? Ta ce, "Wai zan ci da kyau. Godiya ce ga wanda ya dafa." Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Umma, dankalin safe ya yi daɗi."

Mun cinye. Ita ta kai farantan kicin.

Gobe akwai taro ƙarfe takwas, ban goge kaya ba. Teburin falo kuma takardun Abbansu sun cika shi, sai an kwashe kafin magariba.