Canjin trotro a filin jirgi

Jiya na raka Hajiyarmu daga Nima zuwa filin jirgin Accra, Terminal 2, za mu Kumasi biki, kuma wallahi abin da na gani wajen bincike ya tsaya min a rai. Wata tsohuwa ce gabanmu, na'urar nan mai kama da ƙofa sai kuka take duk ta wuce, ashe canjin trotro, wato motar haya, ta ƙulle a bakin zane, ƴan 50 pesuwa da sidi ɗaya-ɗaya. Tana kwancewa hannu na rawa suka watse ƙasa, mutane na tsaki a baya, ita kuma ta duƙa tana tsinta tana ba da haƙuri kamar ta yi laifi.

Ma'aikaciyar kam ta kyauta, ta taya ta tsinta tana cewa Mama ki yi a hankali.

Ni dai roƙona ga masu raka iyaye, tun daga gida ku zuba musu komai na ƙarfe cikin ƙaramar jaka mai zif, silalla, makulli, agogo, awarwaro, carbi in mai ƙarfe ne, a jefa ta cikin jakar hannu kafin a shiga layi. Kar a zuba su tsirara a tire, nan ne zobe ke maƙalewa a lungu a manta shi. Turare ma a duba, in jirgin zuwa ƙasar waje ne kwalbar da ke jakar hannu kar ta wuce 100ml.

Kuma don Allah in tsoho na gabanka ka daina tsaki, ka duƙa ka taya shi.