Sana'ar mayar da shafin ɗab'i hoto mai zurfi

Shagona ɗan ƙarami ne a Kano: kwamfuta biyu, babbar firinta ɗaya, da yara biyu masu koyon aiki. Da katin biki da kalanda muka fara. Yanzu aikin da na fi ba zuciyata shi ne hoto mai zurfi, wanda ake ce wa 3D.

Yawanci mutum zai shigo da filas, a ciki akwai PDF ɗin da mai zane ya haɗa masa, ya ce, "Malam, a juya min shi." Wasu sun riga sun gwada shafukan intanet masu sauya fayil kyauta, an ba su fayil mai suna JPS, sun buɗe ba su ga wani bambanci ba. Ai ba za su gani ba. Tun da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, don shafi ya fita a takarda yadda aka tsara shi aka yi shi, a shimfiɗe. JPS kuwa hotuna biyu ne a jere, na idon dama da na hagu. Fayil ɗin MPO ma biyu yake ɗauke da su, irin wanda kyamarar Fujifilm ta 3D ke fitarwa. Tsakanin idanun mutum akwai kusan santimita 6 da rabi, kowane ido da gefen da yake hango abu, kuma da wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke auna nisa. Masanin kimiyya Charles Wheatstone ya nuna haka a Ingila tun 1838. In hotunan biyu iri ɗaya ne sak, babu zurfin da zai fito.

To da hannu ake yinsa. Sai in buɗe shafin in yanyanka shi hawa-hawa: amarya da ango a gaba, furanni a tsakiya, labule can baya. Don a samu hoton ɗayan idon, kowane hawa in gusa shi kaɗan, na gaba ta wannan gefe, na baya ta wancan. Inda mutum ya gusa sai rami ya bayyana a bayansa, domin mai zanen bai taɓa zana abin da ke wurin ba. Cike waɗannan ramukan ne ke cin yini, musamman gefen gyale da bakin hula. Rubutu kuwa ba na taɓa shi, ina barinsa a inda yake, don sunan da ya rabu biyu ciwon kai yake sa mai karatu.

Wanda za a kalla da tabarau mai ido ja a hagu da shuɗi a dama shi ya fi araha, amma ba ya shiri da jan kaya. Ido ɗaya zai ga leshin da haske, ɗayan ya gan shi baƙi, hoton ya riƙa walwali. Dole in rage jan, kuma nakan faɗa wa mai aiki tun kafin ya biya. Tawada ma ba ta ba da launin da allon kwamfuta ke bayarwa, shi ya sa inuwar hoton ɗayan idon kan fito a takarda. Sau ɗaya na juya hotunan, na dama ya koma hagu, fuskoki suka lotsa ciki. Na sake buga aikin da kuɗina, tun daga ranar ba na sallamar komai sai na sa tabarau na duba guda ɗaya.

Kwanakin baya wata shugabar makaranta ta kawo shafin zanen zuciya, nata na darasin kimiyya. Kwana uku ina raba jijiyoyin. Da ta zo ta sa tabarau, ta yi shiru, sannan ta nuna da yatsa ta ce, "Ɗana, ashe wannan jijiyar ta bayan waccan take bi." Ta ce in yi mata na ido da na kunne, kuma a haɗo da tabarau na kwali da zai ishi aji guda.