Kafin Ka Faɗaɗa Hanya, Nemi Wayar a Allo

Ƙannena sababbin likitoci da ke kwana a ɗakunan gaggawa na Zariya, ranar da aka miƙa muku na'urar sikanin aka ce ku sa kateta, wato siririn bututun da ake ba da ruwa da magani ta cikinsa, a babbar jijiyar wuya da ake kira jugula, za ku ɗauka aiki ya zo da sauƙi tunda ga jijiya ɓaro-ɓaro a allo. Na'urar tana taimakawa ƙwarai, shi ya sa tun 2002 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a riƙa amfani da ita wajen shiga jijiyar jugula. Amma abin da take nuna maka yanka ɗaya ne siriri na wuyan, kamar yankan albasa. Abin da ke gaba ko bayan wannan yankan, ba ka ganinsa.

A nan na taɓa faɗawa. An kawo wata mata daga ƙauye, jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, jijiyoyin hannu duk sun ɓace. Na ɗora kan na'urar a gicciye, na soka allura, na ga farin ɗigo a tsakiyar jijiya, jini mai duhu ya biyo sirinji, na zura waya, wato siririn ƙarfen da kateta ke bi ta shiga jijiya. Har na ɗauki robar faɗaɗa hanya sai babban likitan da ke bayana ya ce, "Dakta, dakata. Nuna mini wayar tukuna." Da na mayar da na'urar na bi ta zuwa ƙasa, sai ga waya kwance cikin karotid, jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Farin ɗigon nan jikin allura ne. Tsinin ya riga ya huda jugula gaba da baya ya wuce. Jinin bai yi ja ba saboda iskarta ta yi ƙasa, bai yi tsartuwa ba saboda bugun jininta ya faɗi. Muka zare waya, muka danne wurin, Allah ya kiyaye.

Hudar allura a karotid yawanci dannewa na wadatar da ita. Idan kuwa robar faɗaɗawa ko katetar kanta ta shiga, magana ta canja: kada ka fizge, ka bar ta a wurin ka kira likitan tiyatar jijiyoyi, don zarewa da gaggawa na iya jawo kumburin da zai toshe maƙogwaro ko shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka duk tsarin da Seldinger, likitan ƙasar Suwidin, ya fito da shi a 1953, wato allura, waya, sannan kateta, wurin da ya fi buƙatar kula a cikinsa yana tsakanin waya da faɗaɗawa. Ka ga wayar cikin jijiyar da kake so, a gicciye da kuma a tsaye, kafin ka ci gaba.

Yadda za ka kauce wa abin da na yi: tsini za ka riƙa bi, ba ɗigo ba. Tura allura kaɗan, ka ga ɗigo, ka matsar da kan na'urar gaba har ɗigon ya ɓace, sannan ka sake tura allura har ya dawo. Haka, taki-taki, har ka ga bangon jijiya ya lotsa ya saki. Kuma tun kafin ka wanke hannu ka duba wuyan. Jugula tana lafewa idan ka danna, karotid tana nan zagaye tana harbawa. Jugular da ta ƙi lafewa wataƙila jini ya daskare a ciki, sai ka koma ɗaya ɓangaren. Jugular dama ta fi, don hanyarta miƙe take zuwa zuciya.

Wasu kurakuran nawa ƙanana ne amma sun sha ɓata mini aiki. Nakan murɗa kan majinyaci sosai, ina ganin fili nake samu, ashe jugula nake ɗorawa a kan karotid. Juyi kaɗan ya isa. Nakan kuma danna na'urar da ƙarfi don fargaba, jijiyar ta lafe, in tsaya ina neman abin da hannuna ya ɓoye. A sunkuyar da gado ta wajen kai idan majinyacin zai iya jurewa, jijiya ta cika, haɗarin zuƙar iska ma ya ragu.

Waya kuwa, hannunka kada ya rabu da ita ko da wa ke kiranka. Kada ta wuce kamar santimita 20. Idan bugun zuciya ya rikice a monita, ka yi nisa, ja baya. Da ka zare ta ka ɗaga ta sista ta gani da idonta. A jugular dama, katetar babban mutum takan tsaya wajen santimita 15.

Tsabta ce muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, musamman da tsakar dare. Hula, takunkumi, riga da safar hannu masu tsabta, babban mayafi, kulohekzidin, maganin goge fata, a bar shi ya bushe, kan na'urar a cikin rigarsa da jel mai tsabta. Binciken likita Pronovost a jihar Mishigan ta Amurka, wanda aka buga a 2006, ya nuna irin waɗannan matakai sun rage cutar jini daga kateta sosai, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne cire katetar da ba a buƙata. Idan ka gama, ka ɗora na'urar a ƙirji ka ga huhu na zamewa, alamar ba ka huda shi ba, a ɗauki hoton ƙirji a ga inda bakin kateta ya tsaya, ka rubuta kwanan wata a fayil. Kowace safiya a zagaye sai ka tambayi kanka ko har yanzu tana da amfani, in babu a cire ta majinyaci yana kwance.