Kafin ka biya kuɗin monitar gem, juya bayanta ka ga inda sauti zai fita

Mai neman monita don gem yawanci hankalinsa na kan hoto: inci nawa ce, Hz nawa take yi (wato sau nawa take sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya), kala ta fito ko ba ta fito ba. Sai an kai gida an jona PS5 ko kwamfuta, hoto ya fito tas, sannan a ji tsit. Da yawa daga cikin monitocin gem ba su da sifika ko kaɗan, masu ita kuwa galibi 'yar watt 2 ko 3 ce, ƙarar fanka ma sai ta danne ta. Shi ya sa ake lissafin hanyar sauti tun a shago.

Batun hoto ba shi da wuya. Inci 24 ta dace da 1080p, inci 27 kuma da 1440p; lambobin nan na nuna yawan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo. Idan aka shimfiɗa 1080p a kan inci 32, rubutu da gefen abubuwa sai su yi dishi-dishi. Wajen sauri, 144Hz ko 165Hz ya wadatar da kusan kowa, amma ka dubi injin da kake da shi tukuna. PS4 ba ya wuce 60Hz, don haka saya masa monita mai 240Hz asarar kuɗi ce. PS5 da Xbox Series X iyakarsu 120Hz. Cikin nau'o'in allo, IPS ya fi kyan kala da gani daga gefe, VA ya fi baƙi mai zurfi amma yakan bar jan inuwa a wurare masu duhu idan abu ya gifta da sauri. Ga mai buga ƙwallo da wasannin harbi, IPS na fi ba da shawara.

To, a juya baya. Ramin HDMI da na DisplayPort duk suna ɗauke da hoto da sauti a waya ɗaya. VGA, mai shuɗin kai da noti biyu, hoto kaɗai yake kaiwa, DVI ma a mafi yawan lokuta haka. HDMI 2.0 zai ba ka 1440p a 144Hz ko 4K a 60Hz. 4K a 120Hz sai HDMI 2.1. PS5 da Xbox ba su da DisplayPort, saboda haka monitar da take kai cikakken saurinta ta DisplayPort kawai ba za ta yi wa mai su amfani yadda aka rubuta a kwali ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗan zagayayyen ramin nan na milimita 3.5, irin na iyafis. A nan ake yawan yin kuskure, domin iri biyu ne kuma kamarsu ɗaya. Wanda aka zana wa hoton hedifon ko aka rubuta Audio Out, shi ke fitar da sauti. Wanda aka rubuta Audio In ko Line In karɓa yake yi, an yi shi ne don monita mai sifika da aka jona ta VGA. Ka sa hedifon a cikinsa har gobe ba za ka ji komai ba. Tsofaffin monitocin ofis na hannu sun fi zuwa da irin wannan, don haka ka haska da fitilar waya ka karanta rubutun da ke jikin ramin da idonka.

Idan akwai ramin fita, haɗin mai sauƙi ne: HDMI daga injin zuwa monita, sannan waya mai kan 3.5 daga monita zuwa sifika. Dole sifikar ta zama mai amfilifaya a cikinta, wato wadda ake jona wa wuta ko USB. Sautin da ke fitowa daga ramin ba shi da ƙarfin motsa babbar sifika kai tsaye. In rediyon gida ko ufa za ka yi amfani da ita, nemi waya mai kan 3.5 a gefe ɗaya, ja da fari a ɗaya gefen, ka sa ta a AUX. Monita tana da nata ma'aunin ƙara a cikin menu na maɓallan jikinta, kuma wani lokaci yana ƙasa ko a kashe. Ka ɗaga shi zuwa 70 ko 80, sai ka riƙa sarrafa sauran daga sifikar. In ka bar shi ƙasa ka ƙure sifika, shuuu ɗin nan ne zai cika maka kunne.

A kwamfuta, Windows ba kullum take sauya hanyar sauti da kanta ba. Shiga Settings, System, Sound, ka zaɓi sunan monitar, wanda yakan zo tare da NVIDIA High Definition Audio ko AMD High Definition Audio. Idan sunan bai bayyana ba, sabunta direban katin hoto. Ka kuma tabbata wayar a katin hoto take, ramukan ƙasa, ba na madabod (babban faifan da sassan kwamfuta ke haɗe a kai) da ke kusa da USB ba. Tunda ka shiga, leƙa Advanced display ka ɗaga Hz, don sau da yawa Windows kan bar sabuwar monita a 60. Amma gaskiya, ga mai kwamfuta, koren ramin bayan madabod ya kan fi na monita tsabtar sauti, kuma shi ne zaɓi na farko.

Masu PS5 da Xbox Series su ne suka fi buƙatar ramin monita, don injinan ba su da ramin 3.5 a jikinsu, ba su da na optikal. A saitin injin, ka bar tsarin sauti a Linear PCM ko Stereo uncompressed. Monita ba ta iya warware Dolby ko DTS, kuma sakamakon shiru ne ko ƙara mara daɗi. Ramin monita kuma ba ya ɗaukar makirfo. Mai son magana da abokan wasa ya sa hedifon ɗinsa a ramin hannun gem. Hedifon Bluetooth na waya ba ya haɗuwa da PS5 kai tsaye, sai da ɗan dongul na USB, kuma Bluetooth na kawo jinkiri har ka ga harbi kafin ka ji shi.

Wanda ya riga ya sayi monita marar rami yana da mafita: ƙaramin akwatin da ke cire sauti daga HDMI, ana sa shi tsakanin injin da monita. Sai dai masu araha yawanci 4K a 30Hz ko 60Hz ne iyakarsu, sai su yanke maka 120Hz da VRR, wato tsarin da ke daidaita saurin allo da na gem. Ka karanta kwalin ka tabbata ya ɗauki girman hoto da saurin da kake wasa da su.

Saura gurnanin "huuu" da ke tashi daga sifika, wani lokaci yana ƙaruwa idan gem ya ɗau zafi. Yawanci bambancin layin ƙasa ne tsakanin na'urorin, kuma ya fi faruwa a gidajen da soket ba shi da wayar ƙasa ko ana kan janareta. Jona kwamfuta, monita da sifika a estenshan ɗaya, ka raba wayar sauti da ta wuta. In bai daina ba, akwai 'yar na'ura mai kan 3.5 gaba da baya da ake kira ground loop isolator, ana sa ta tsakanin monita da sifika.

Ranar sayayya ka tafi da iyafis mai waya da kebul ɗin HDMI naka. A kunna monitar a gabanka, a sa fari, baƙi, ja, kore da shuɗi su cika allo ɗaya bayan ɗaya don ka gano mataccen ɗigo. Sannan a kunna bidiyo, ka sa iyafis a ramin, ka ɗan jujjuya kan wayar. Idan kunne ɗaya ya ɗauke ko ya yi ƙas-ƙas, ramin ya saki, ka nemi a canja maka wata.