Tayar da ta yi hayaƙi a Kura

Jibi in sha Allahu zan ɗauke akwatin sifanuna daga garejin da na yi shekara 6 a cikinsa. Yaran da zan bari sun ce in faɗa musu wani abu kafin in tafi. To ga shi, ko da yake ba labari ne mai daɗi ba.

Ina shekara ta uku Kawu ya kawo mini Corolla ɗinsa gida, ranar Juma'a bayan an sauko, wai fad ɗin birkin gaba, wato abin da ke kama faifan taya in an taka birki, ya fara kuka. Kowa ya san ɗan koyo ba ya karɓar aiki a bayan idon Oga. Amma Kawu ne, ni kuma kaina ya fara faɗa mini na iya. Na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, ban nemi waya na rataye ta ba, na bar ta tana lilo a jikin tiyon birki. Bai ishe ni ba, na ƙara matse tiyon da filaya mai haƙora don kada mai ya zuba. Na sa sabon fad, na ɗaure, muka zaga unguwa, birki cak. Har tukuici na karɓa.

Washegari ya kama hanyar Zariya. Bai wuce Kura ba ya kira ni: "Ɗana, me ka yi wa motar nan? Tana ja ta dama, ga ƙauri, taya na hayaƙi." Feda ma ta fara nutsewa, don zafin ya kai ga mai. Man birki na DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha danshi kuwa tun kafin nan ya sallama. Da motar ta huce sai ta saki, ya lallaɓo da ita gareji.

A gaban kwastomomi Oga ya tsayar da ni. "Au, ka zama oga ke nan? Sai mu zo mu koya a wurinka." Wata guda ya hana ni riƙe sifana, sai wankin kayan inji. Wannan na yarda na ci. Abin da har yau yake tsaye mini a maƙogwaro shi ne abin da ya biyo baya. Ko juya tayar bai yi ba ya ce kalifa ta ci, Kawu ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo wata. Aka sa, birki na nan yana riƙewa. Sai ya ce masta ce, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. Na ce, "Oga, ai da masta ce, ba taya ɗaya za ta zaɓa ba." Kallon da ya yi mini ya isa. Aka sayo masta.

Rana ta huɗu, ya fita sallar La'asar, na ɗaga motar a jak. Na taka birki da ƙarfi sau biyar na saki, taya ta ƙi motsi. Na sassauta notin bututun ƙarfe a saman tiyo, shiru, tana nan a kame. Na mayar, na sa sifana 8 na buɗe nipul, wato ɗan notin fitar da iska da ke jikin kalifa: mai ya yi tsartuwa, taya ta juya da yatsa ɗaya. Ke nan man yana tafiya kalifa, hanyar dawowa ce ta toshe, kuma tsakanin nan da nan tiyo ne kaɗai. Da na yanka shi, robar ciki ta ɓare daidai inda filayata ta ciza, ta zama kamar murfi. Daga waje kuwa lafiya lau. Minti goma aikin ya ci.

Don haka duk wanda birki ya riƙe masa bayan gyara, ya fara da nipul kafin ya aika kowa kasuwa. In ka buɗe taya ta saki, mai ne a kulle, bi tiyo har zuwa masta. In ba ta saki ba, ƙarfe ne ya cije: fistin, ko fin ɗin da kalifa ke zamewa a kai, ko fad ya matse a mazauninsa saboda tsatsa. Fin kuma ba a shafa masa baƙin mai ko giris na gari, suna kumbura roba, akwai nasa na birki. In tayoyi huɗu ne suka yi zafi, duba ko feda na dawowa har sama, wani lokaci makunnin fitilar birki ne aka ɗaure ya tokare ta. In na baya ne kawai, taɓa wayar birkin hannu.

Da Oga ya dawo na miƙa masa tiyon, ya jujjuya shi ya ce, "Ai dama shi nake zargi." Kuɗin tiyo ni na biya Kawu da kuɗin abincina. Na kalifa da masta babu wanda ya sake tayar da maganar. Tsofaffin nasa, masu lafiya, suna nan a kan kanta a cikin sito, ɓangaren hagu in ka shiga.