Godiya ga mutanen da suka koya mini kiɗan klezmer a Kirakof

Alhamdu lillahi, an kammala zaman koyon kiɗan klezmer da muke yi a unguwar Kazimierz ta birnin Kirakof, ƙasar Folan. Alherin da aka yi mini ya fi ƙarfin godiyar bayan fage, shi ya sa na fito fili.

Ga 'yan uwa na gida da ba su san shi ba, klezmer kiɗan biki ne na Yahudawan Gabashin Turai masu jin harshen Yidish. Da shi ake rako amarya, da shi ake cashewa.

Malama, ke ce farko. Tun ranar da muka fara kika ce kowa ya ajiye takarda, sai baki ya iya rera waƙa kafin hannu ya taɓa biyolin, wato gogen Turawa da muke koyo. Kika riƙa sa mana tsofaffin faifan Naftule Brandwein da Dave Tarras, mabusan kilarinet (wani abin busa mai kama da algaita), waɗanda aka naɗa a Niyu Yok a shekarun 1920, kina rage musu gudu har mu ji inda kilarinet ke lanƙwasa murya. A ganina babu hanyar koyarwa da ta kai wannan. Ranar da kika kawo salon jera sautuka da ake kira freygish kuwa, kunnena ya riga hannuna ganewa, domin kusan shi ne salon sautin Hijaz da muke ji a waƙoƙin Larabawa.

Sai Baba, dattijon da ke zama a damana. Akwai wata 'yar shessheƙa da ake sa wa sauti, krekhts suke ce mata, wadda ta ƙi zauna mini. Ya kama ɗan ƙaramin yatsana ya ɗora a kan tsirkiya, ya nuna mini yadda ake ɗan taɓawa a tsayar da bakan gogawa nan take. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, fuskarsa ba ta taɓa canjawa ba. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na san nauyin abin da kuka damƙa mini. Kafin 1939 Yahudawan birnin nan sun haura 60,000, kuma 'yan Nazi sun hallaka mafi yawansu. Kiɗan ya kusa bin makaɗansa, sai a shekarun 1970 matasa a Amurka suka tono shi daga tsofaffin faifai da bakin dattawan da suka rage. Abin da aka ceto da irin wannan wahala kuka ba baƙo hannu biyu, ba ku tambaye ni komai ba sai sunana.

Ina godiya ga masu akodiyon da ganga da suka riƙe mu duk sanda muka kauce, da uwar ɗakinmu mai shayi da ta ware mini wurin salla tun ban roƙa ba, da maƙwabtan da suka cika zauren a daren rufewa suka taka rawar sher da bulgar har gumi ya jiƙa riguna.

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Za mu ci gaba da haɗuwa, kuma duk ɗan uwan da ke Kirakof yana sha'awa ya yi mini magana, akwai biyolin na aro.